Gyaran Manhaja: Ina Rabon Yaron Zango?

A wannan wata muna so mu tattauna da ku a kan wani al'amari da ya shafi kowane gida a zangunanmu, ko da yake ba kasafai ake jin maganarsa a ƙofar masallaci ko wurin suna ba. Wannan al'amari kuwa shi ne manhajar makarantun gwamnati. Manhaja dai ita ce tsarin da hukuma ta shimfiɗa na abin da za a koya wa yaro, da ajin da za a koya masa, da harshen da za a koya masa da shi, da kuma irin mutumin da ake fatan ya zama idan ya gama. Uba shi ke sayen rigar makaranta da takalmi da jaka, uwa ita ke ba da kuɗin koko da ƙosai, amma abin da za a zuba a kan yaron daga safe har azahar ta wuce, an riga an rubuta shi a Akara tun kafin ya fito daga gida. Mu da muke riƙe da alli, mu ake miƙa wa wannan takarda a ce mu aiwatar. Saboda haka muna ganin hakki ne a kanmu mu gaya wa iyaye abin da ke cikinta, mu kuma gaya musu abin da babu.

Mu tsararmu, watau waɗanda yau suka ba shekara arba'in baya, 'ya'yan gyaran 1987 ne. Kafin wannan shekara, yaron da zai kai jami'a a Gana yakan yi shekara 17 a kan benci: shida a firamare, huɗu a midil, biyar a sakandare, sa'an nan biyu a ajin share fagen jami'a. Ɗan talaka ba ya jure wannan doguwar tafiya, galibi a midil yake ajiye kaya. Tun 1974 kwamitin Dzobo ya ba da shawarar a taƙaita ta, amma sai a 1987, zamanin mulkin Rawlings, aka aiwatar a ƙasa baki ɗaya. Aka mai da tsarin shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, jimilla 12 ke nan. A 1990 aka fara jarrabawar BECE, wadda mu ma muka zauna mata 'yan shekaru bayan haka.

Manufar wancan gyara ba ta da aibi. An ce ilmin da Turawa suka bari na akawu ne, yana fitar da yaro ya iya rubuta wasiƙa amma bai iya riƙe guduma ba, don haka a sa sana'ar hannu a ƙaramar sakandare: kafinta, gini, ɗinki, noma da zanen fasaha. Iyayenmu a zango, waɗanda da ma da sana'a aka san su, sun yi murna. Sai dai a makarantu da yawa ba a gina ɗakin sana'ar ba, inda aka gina kuma kayan aikin ba su wadata ba. Da yawa daga cikinmu a kan allo muka ga zarto da randa, malam ya zana mu kwafa, mu haddace sunayensu da Turanci saboda jarrabawa. Wanda ya iya sana'a a cikinmu, a shagon kawunsa ya koya bayan an tashi makaranta. Tun daga lokacin muka fara gane cewa tsakanin abin da aka rubuta a manhaja da abin da ya isa aji akwai tafiya mai nisa.

Bayan haka gyare-gyare sun yi ta zuwa. Tsarin mulkin 1992 ya ce ilmin farko kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro, aka kuwa ƙaddamar da shirin cika wannan alkawari a tsakiyar shekarun 1990. A 2005 gwamnati ta fara biyan makarantu kuɗi a kan kowane ɗalibi don a daina korar yara saboda kuɗin makaranta, a shekarar kuma aka fara ciyar da yara a wasu makarantu. A 2007, bisa rahoton kwamitin Anamuah-Mensah, aka shigar da shekara biyu na ajin yara ƙanana cikin ilmin farko, aka kuma mai da babbar sakandare shekara huɗu, ko da yake bayan sauyin gwamnati a 2009 an komar da ita uku. A 2017 aka mai da babbar sakandare kyauta. Duk wanda ya ce waɗannan abubuwa ba su amfani zango ba, bai faɗi gaskiya ba. Mun ga 'ya'yan masu dako da 'ya'yan masu sayar da wake da shinkafa sun shiga makarantun kwana waɗanda a zamaninmu sai dai mu hange su ta bayan katanga.

To amma in mun lura, yawancin waɗannan matakai a kan ƙofa suka tsaya, watau yadda yaro zai shiga makaranta da yawan shekarun da zai yi a ciki. Abin da yake fahimta bayan ya zauna, wannan wata magana ce dabam. A 2013 an yi wani gwaji a faɗin ƙasa a kan karatun yaran aji biyu na firamare, aka tarar waɗanda ke iya karatu sosai su kuma fahimci abin da suka karanta ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba. Wannan sakamako ya girgiza hukuma, amma mu malamai bai ba mu mamaki ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun daɗe muna karɓar yara a aji huɗu da aji biyar waɗanda sun iya rera darasi tare da 'yan aji, amma in ka ware ɗaya ka nuna masa kalma da yatsa, sai ya sunkuyar da kai.

Wannan ciwo ne sabuwar manhajar da hukumar NaCCA ta tsara ta zo ta magance, wadda aka fara aiki da ita a watan Satumba na 2019 daga ajin yara ƙanana zuwa aji shida. Tsohuwar manhaja tana tambayar malami, ka gama littafi? Sabuwar kuwa tana tambayarsa, me yaro ya iya yi yanzu wanda da bai iya ba? Ta aza harsashinta a kan abu huɗu: karatu, rubutu, lissafi da ƙirƙira. Sa'an nan ta lissafa halaye shida da take so kowane yaro ya fita da su: zurfin tunani da warware matsala, ƙirƙira da ƙago sabon abu, iya magana da aiki tare da mutane, sanin asalin kai da sanin duniya, gina kai da shugabanci, da kuma iya aiki da kwamfuta. Bugu da ƙari ta dawo da tarihin Gana a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare. Mun karanta ta daga farko har ƙarshe, kuma a gaskiya babu uban kirki da zai ƙi ɗansa ya tashi da waɗannan halaye.

Yadda ta iso mana a aji, nan ne aka yi gaggawa. Horon da aka ba mu na 'yan kwanaki ne a lokacin hutu, alhali ana so mu sauya salon koyarwar da muka yi shekara da shekaru a kai. Littattafan yara ba su zo tare da manhajar ba, sai da aka yi shekaru ana jira, ga shi Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. An ce a raba yara rukuni-rukuni su tattauna da juna, amma ajin da yara suka cika har ba hanyar da malami zai bi ya kai benci na baya, ina za a juya tebur? An ce a koyar da kwamfuta, a makarantar da ko wuta babu. Waɗannan matsaloli na kowa da kowa ne, malamin ƙauyen Fante da na ƙauyen Dagwamba duk suna kuka da su, kuma kuɗi da lokaci suna iya maganinsu. Akwai wata guda wadda tamu ce mu kaɗai, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Ita ce maganar harshe.

Tun zamanin Gwamna Guggisberg a shekarun 1920 ake kai da komowa a kan harshen da za a fara koya wa yaro da shi a ƙasar nan. Bayan samun mulkin kai a 1957 an karkata ga Turanci. Daga shekarun 1970 aka tsaya a kan cewa aji ɗaya zuwa aji uku da harshen gida za a koyar, daga aji huɗu Turanci ya karɓa. A 2002, muna kwalejin horon malamai, aka ce a koma Turanci zalla tun daga aji ɗaya. Bayan 'yan shekaru aka sake komawa ga harshen gida, har aka fito da shirin NALAP wanda ya buga littattafan koyon karatu cikin harsuna 11. A watan Oktoba na 2025 kuma ministan ilmi Haruna Iddrisu ya ba da umurnin cewa koyarwa da harshen uwa tilas ne, daga baya ma'aikatarsa ta bayyana cewa ana nufin daga ajin yara ƙanana zuwa aji uku. Hujjar da ake bayarwa ita ce wadda aka koya mana a kwaleji, kuma muka gan ta da idonmu: yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen da yake tunani da shi, in kuwa ya iya karatu da harshe ɗaya, ɗaukar na biyu ba ya yi masa wuya.

Harsunan nan 11 su ne Twi na Asante, Twi na Akuapem, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagbani, Dagaare, Gonja da Kasem. Mai karatu ya sake duba jerin, ba zai ga Hausa ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce, yaron Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, wanda da Hausa aka yi masa rarrashi, da Hausa ake aikensa, da Hausa yake faɗa da abokansa, idan ya shiga aji ɗaya za a ce masa harshen uwarsa Ga ne. Na Aboabo da Asawase a Kumashi za a ce masa Twi ne. Wani yaron ya ɗan tsinci harshen a kasuwa ko wurin ƙwallo, wani kuwa bai taɓa fita lungunsu ba balle ya ji shi. Ga Turanci a gefe yana jira, ga Larabci da yamma a makarantar allo. Yaro ɗan shekara shida ke nan yana fama da harsuna uku, babu ɗaya a ciki da yake mafarki da shi. Dokar da aka yi don a sauƙaƙa wa yara, shi ƙara masa kaya ta yi.

Muna ganin sakamakon haka kullum. Akwai yarinyar da takan taya uwarta sayar da wake da shinkafa da asuba kafin ta zo makaranta, ta karɓi sidi ashirin ta cire na kwano biyu da ƙwai ta ba da canji ba kuskure, ga mutane suna ta yi mata tsawa a kai. Amma in aka rubuta mata wannan lissafin a allo cikin jimlar Turanci, sai ta zauna tana tauna fensir. Ranar da muka sunkuya kusa da ita muka ce, "'Yata, mutum ya ba ki ashirin, ya ci na sha uku, nawa za ki mayar masa?" kafin mu rufe baki ta ce bakwai. Lissafi yana nan a kanta, harshe ne ya tare ƙofa. Haka nan akwai yaron da a rajistarmu ana lissafa shi cikin marasa ƙoƙari, alhali a makarantar allo shi ke biya wa na ƙasa da shi, ya haddace izu da dama. Ƙwaƙwalwar da ta riƙe wannan ba za a ce ta kasa riƙe baƙaƙen boko 26 ba. Irin waɗannan yara su ne in sun kai aji biyar ba su iya karatu ba sai kunya ta kama su, su fara fashi, daga nan sai ka gan su a tasha.

Mu kanmu mun taso a zamanin da in an ji ka yi Hausa a harabar makaranta za a rubuta sunanka cikin masu yin "banakula", a ci ka tara ko a ba ka ciyawa ka nome. Yau ga shi mun zama malamai, kuma da yawa daga cikinmu mukan saci jiki mu fassara darasi da Hausa idan muka ga idanun yara sun yi fari. Abin yana aiki, amma dabara ce ta mutum ɗaya. Babu littafi a bayanta, babu jarrabawa, kuma ranar da aka yi wa malamin canjin wurin aiki aka kawo wanda ba ya jin Hausa, shi ke nan an koma gidan jiya.

Mun san amsar da ake ba mu idan muka ta da wannan magana. Ana cewa Hausa baƙuwa ce, harshen Nijeriya da Nijar ne, ba ta da ƙasa ko kujerar sarauta a Gana. Ba mu musun cewa asalinta can ne. Amma baƙon da ya yi ɗaruruwan shekaru a gida, har yaushe zai ci gaba da amsa sunan baƙo? Fataken goro suna zuwa Gwanja tun kafin a zana iyakar da ake kira Gana, kuma Salga ta zama babbar kasuwa da Hausa a bakin 'yan kasuwarta. Bayan yaƙin basasar Salga na 1892 mutanenta suka watsu, suka ƙara wa zangunan Kete-Karachi da Kumashi da Akara yawa. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano ya rasu a Kete-Karachi a 1934, a ƙasar nan ya yi yawancin rubuce-rubucensa na Larabci da na Hausar ajami, kuma takardu irin nasa suna ajiye a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon. Rundunar da sojan ƙasar nan ya samo asali daga gare ta, da sunan Hausa aka san ta a ƙarni na 19. Gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa labarai da Hausa tare da Akan da Ga da Ewe da Nzema da Dagbani. Har abincin da dukan ƙasa ke alfahari da shi, wake da shinkafa da tuwon zafi da koko da ƙosai, da sunayensu na Hausa ake sayensu. Harshen da ya isa a karanta labaran gwamnati da shi, ya isa a koya wa yaro baƙi da wasali da shi.

Sa'an nan a tuna, yaron zango ba lalle ne ya zama Bahaushe ba. A ajinmu akwai 'ya'yan Zabarmawa da Mosawa da Wangarawa da Kotokoli da Fulani da Busanga da Yarbawa, waɗanda kakanninsu suka zauna zango ɗaya, suka yi auratayya, har Hausa ta zama harshen tsakar gidansu. Da yawa cikin yaran nan ba su jin harshen kakanninsu sai gaisuwa. Manhaja ba ta tambayar ƙabilar kakan yaro, abin da ta ce shi ne a fara masa da harshen da ya zo da shi. In an bi wannan ƙa'ida da gaskiya, to a makarantun zango harshen nan Hausa ne.

Akwai kuma masu ja da mu daga cikin gida. Wani uba ya taɓa ce mana, "Malam, Hausa ai ya iya ta tun daga gida, Turanci na kawo shi ya koya." Maganarsa tana da nauyi, domin da Turanci ake jarrabawa, da shi ake neman aiki, kuma mun sha wuyar rashinsa a zango. Amsarmu ita ce, mu ma Turancin muke nema wa yaron, hanya ce kawai muka bambanta. Jin magana dabam, karanta ta dabam. Yaron da ya gane cewa baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da kalmar da ya sani, kamar "baba" ko "gida" ko "ruwa", ya riga ya sami mabuɗin karatu, kuma da wannan mabuɗi zai buɗe Turanci. Wanda aka fara masa da kalmomin da bai san ma'anarsu ba kuwa, hadda zai yi kamar aku. Haka kuma ba mu ce a cire Ga ko Twi ko Dagbani daga makarantunmu ba. Yaron da zai zauna a Kumashi bai iya Twi ba ya cuci kansa, kuma sanin harshen maƙwabci yana cikin zaman lafiya. A koya masa shi a matsayin darasi, amma a aza masa tubalin farko da harshen da ya sani.

To me ya kamata mu yi? Kuka kaɗai ba ya sauya manhaja, kuma tarihinmu ya nuna haka. Shekaru da yawa iyayenmu sun guji makarantar boko don tsoron kada a sauya wa 'ya'yansu addini, har sai da malamai da shugabanni suka yi ta fafutuka aka kafa Sashen Ilmin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilmi a 1987, gwamnati ta shiga tura malamai makarantun Islamiyya tana biyansu. A 2024 Larabci ya shiga cikin darussan da ɗalibi zai iya zaɓa a jarrabawar BECE. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faɗo daga sama. Dubi kuma masu harshen Gurune na wajen Bolgatanga: harshensu ba ya cikin 11 ɗin nan na farko, amma 'ya'yansu masu ilmi sun daidaita rubutunsa, sun wallafa littattafai, har ya zama ana karanta shi a Jami'ar Ilmi ta Winneba. Hukuma ba ta karɓar harshe don yawan masu magana da shi kawai. Takan tambaya, ina ƙa'idar rubutunku, ina littattafanku, ina malamanku?

A kan tambaya ta farko mun fi kowa sa'a, domin ƙa'idar rubutun Hausa a boko ta daɗe da zama, akwai ƙamus, akwai nahawu, ana karanta ta a jami'o'in duniya. Maƙwabtanmu na Nijar sun fara makarantun gwaji na Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973, muna iya koyo daga abin da ya yi musu kyau da wanda bai yi ba. Amma littattafan Kano da Zariya ba za su yi mana yadda suke ba. Yaronmu sidi ya sani ba naira ba, tirotiro yake shiga, teku da tafkin Volta yake ji ana faɗa. Hausarmu ma tana da nata kamanni, ta ɗebo kalmomi daga Twi da Ga da Turanci, kuma a bakin yara da yawa ba a rarrabe namiji da mace a magana. Wannan ba abin kunya ba ne, abin da za a zauna a kai ne a shawarta: me za a rubuta yadda muke faɗa, me za a bi daidaitacciyar Hausa a kai, don yaro ya ji littafin nasa ne, kuma in ya girma ya iya karanta na ko'ina. Aikin malamai ne da limamai da ma'aikatan rediyo su haɗu su fitar da ko da littafi uku na aji ɗaya zuwa aji uku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambaya ta uku ita ce ta fi ciwo, watau malamai. Yaranmu masu ƙoƙari kowa likita ko lauya ko banki yake so, wanda bai samu ba kuma hankalinsa yana kan fita waje. Aikin malanta an mai da shi na wanda ya rasa abin yi. Ga shi tun 2018 kwalejojin horon malamai digiri suke bayarwa bayan shekara huɗu. In ba mu tura 'ya'yanmu can ba, musamman mata waɗanda su suka fi dacewa da ƙananan azuzuwa, ko gobe aka amince da Hausa babu wanda zai koyar da ita. Muna roƙon attajiranmu, cikin masu biya wa mutane kujerar Makka, a sami masu ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu a kwaleji bisa sharaɗin ya dawo ya koyar a zango.

Kafin duk wannan ya tabbata, akwai ƙofar da manhajar yanzu ta riga ta buɗe, ba mu shiga ba. Darasin tarihi tun daga ajin farko yana son yaro ya san tarihin unguwarsa da garinsu, daga baya kuma ya san yadda ƙabilun ƙasar nan suka yi hulɗa da ciniki da juna. Ba wanda ya hana malami ya gayyaci dattijo ya zo aji ya ba da labarin yadda Malam Bako ya kafa Sabon Zango, ko yadda ayarin goro yake tashi daga Salga. Haka nan ba wanda ya hana a gaya wa manyan yara abin da ya faru a 1969, lokacin da dokar korar baƙi ta raba iyalai da dama a zanguna, don su san darajar takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa. Ranar da muka gwada kawo wani tsoho ajinmu, yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba su ne suka hana shi tashi da tambayoyi. Dattawan nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, abin da ba a rubuta daga bakinsu ba ya tafi ke nan.

Iyaye kuma, taron iyaye da malamai ba na karɓar kuɗi ba ne kawai. Ku zo, ku zauna a gaba, ku tambayi shugaban makaranta da wane harshe ake koya wa 'yan aji ɗaya, kuma ko akwai malamin da ke jin Hausa a ƙananan azuzuwa. Ko ba ku yi boko ba kuna iya ce wa yaro da dare, "Zo ka gaya mini da Hausa abin da aka koya maka yau." In ya iya mayar da shi, ya fahimta. In ya kasa, to ku zo mu yi magana tun wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sarakunan zango da limamai da 'yan majalisar da muke zaɓa kuwa, abin da muke nema gare su shi ne takarda rubutacciya zuwa ga ma'aikatar ilmi da hukumar manhaja, ɗauke da sunayen makarantun da yawancin yaransu Hausa suke ji, tana neman a yarda a gwada koyar da karatu da Hausa a wasu daga cikinsu, a auna sakamako bayan shekara uku. Tsarin mulki ya ɗora wa gwamnati nauyin raya harsunan ƙasa, manhaja ta ce kowane yaro ya san asalinsa kuma kada a bar kowa a baya. Abin da suka rubuta da hannunsu muke roƙo a cika mana.

Za a sake gyaran manhaja, domin a cikin shekarunmu kaɗai mun ga an yi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Fatanmu shi ne ranar da za a zauna zaman gyara na gaba, a tarar da mu a wurin da littattafanmu a hannu da malamanmu a shirye. Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu Gana lafiya. Sai mun ji daga gare ku.